Wa Yah Hwaɗa Maka? Tarihin Jin Labari a Birnin Shehu

  Da Edita ya aiko mini cewa lalle bana sai na rubuta wani abu na tarihi a wannan mujalla tamu, na daɗe ina juya abin a raina, domin tarihin Sakkwato manya sun riga sun rubuta shi, ni wane ne. Daga baya sai na tuna da wata safiyar Juma'a da muka yi tare da yawancinku, na ce to bari in kama daga nan, in ya so in koma baya.

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 ce, muna aji huɗu. Kwana goma ke nan da Janar Murtala ya raba Jihar Arewa maso Yamma gida biyu, Sakkwato da Neja, gari yana ta lissafin ma'aikatan da za su koma Minna da waɗanda za su zauna. Mun fito karin kumallo sai muka tarar da Baba maigadi ya kafa kunne ga 'yar rediyonsa mai rigar fata, babu abin da ke fita sai badujalar soja. Duk wanda ya san Nijeriya ta wancan zamani ya san badujala da safe ba alheri ba ce. Can sai ga muryar wani Laftanar-Kanar Dimka daga Legas yana cewa an kifar da gwamnati. Kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji labari ya haihu har ya yi jikoki. Wasu suka ce an kashe Murtala, wasu suka ce ya tsira yana cikin bariki, wani ɗan ajinmu ma (ya san kansa, yana karanta wannan) ya rantse da Allah cewa mutumin yana Kano lafiya lau.

Malaminmu na Tarihi ne ke da darasi na gaba. Ya shigo, bai buɗe littafi ba, ya tsayar da mai rantsuwar nan ya ce, "Wa yah hwaɗa maka?" Yaro ya ce, "Allah gafarta Malam, kuku ne." Malam ya ce, "Shi kau wa yah hwaɗa mashi?" Aka aika aka tambayo, kuku ya ce mai kawo itace ne. Mai itace bai yi nisa da jakinsa ba, aka cim masa, ya ce shi dai haka ya ji an ce. Malam ya juyo gare mu ya ce An-ce ba shi da gida ba shi da uba, kada wanda ya sake kawo masa shi cikin aji. Sa'an nan ya tambaye mu abin da muka ji da kunnenmu. Muka ce mun ji Dimka. Ya ce to abin da wannan ya tabbatar guda ɗaya ne tak, wato akwai wani soja da ke riƙe da gidan rediyon Legas a wannan sa'a, sauran duk sai mun jira. Muka jira kuwa. Kafin dare aka ji an murƙushe juyin, washegari gwamnati ta tabbatar da rasuwar Murtala, aka ce Obasanjo ne ya gaje shi.

Na daɗe ina zaton wannan tambaya ta Malam hikimar kansa ce. Sai da na girma na zauna zaurukan cikin gari na gane ashe gādo ya ɗauko. Garin da aka kafa a kan karatu dole ya san isnadi, wato jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu kafin ta iso gare ka. Almajirin da ya fara hadisi ya san ana bincikar kowane mai ruwaya, a ga ko mai gaskiya ne, ko mai mantuwa ne, ko ma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Ya san bambancin labarin mutum guda da mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka kawo ta hanyoyi dabam-dabam har ba ya yiwuwa a ce sun haɗa baki. Ga kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati wadda ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. A ganina da wannan ma'auni Basakkwace ya auna kowace sabuwar hanyar labari da ta shigo masa, tun daga manzo mai doki har zuwa wayar da ke aljihunmu. Abin da yake fara tambaya shi ne bakin da maganar ta fito.

Mu koma ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin a 1809. A watan Maris 1824 wani Bature ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato, aka sauke shi gidan Waziri Giɗaɗo. A cikin abin da ya rubuta na tafiyarsa ya nuna mamakin irin tambayoyin da Bello ya yi masa. Ya tambaye shi yaƙin da Girkawa ke yi da Turkawa a lokacin, da farmakin da jiragen ruwan Ingila suka kai wa birnin Aljaza'ir a 1816, da yadda Ingilishi suka mallaki Indiya. Har ya ji labarin jaridu, ya sa aka kawo waɗanda baƙon ya zo da su aka karanta masa. Ku duba nisan Sakkwato da bakin teku a zamanin raƙumi, sa'an nan ku auna. Waɗannan labarai fatake Larabawa ne na Gadamus da Tarabulus ke kawo su, da alhazai masu dawowa daga Gabas bayan shekaru, da wasiƙun malamai. Bello ya saurari Baturen, ya karrama shi, amma bai zubar da abin da ya riga ya ji daga wasu bakuna ba. Da Clapperton ya sake dawowa a 1826 ya tarar fuska ta sauya, domin an gargaɗi Sarkin Musulmi cewa a Indiya ma haka suka fara, da ɗaya-ɗaya da biyu-biyu. A nan ƙasar ya rasu cikin Afrilu 1827. Mu da muka san abin da ya faru a Giginya ranar 15 ga Maris 1903 ba mu ce masu gargaɗin sun yi ƙarya ba.

Labarin mulki kuwa ta gidan Waziri yake bi. Sarakunan Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa da sauransu suna aiko da takardu da Larabci, kowace da hatimin mai ita. Sau da yawa takardar gajera ce, cikakken bayani yana bakin manzon da ya kawo ta, shi ya sa ba kowa ake aikowa ba sai wanda aka sani aka amince da shi. Hatimi yana shaidar takarda, sanin manzo yana shaidar sauran. Da Turawa suka shiga gari a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Wanda ya karanta su zai ga sarakuna suna ba da rahoton motsin Nasara daki-daki, inda suka sauka da inda suka nufa. Sakkwato ta san abin da ke tafe, ƙarfin makami ne dai ya bambanta. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya adana takardu masu yawa na gidan, masu bincike daga ko'ina suka amfana da su, kuma da yawanmu mun taɓa durƙusawa gabansa. A ɓangaren mata ma haka tsarin yake. Jajin da Nana Asma'u ta naɗa wa malfa ita ke kai karatu ƙauye ga 'yan-taru, malfar nan kuwa ita ce shaidar cewa abin da ke bakinta daga tushe ya fito.

Talaka shi kasuwa ce jaridarsa, da masallacin Juma'a, da zangon fatake, sai kuma sanƙira in ya fito da shelar sarki. Waɗannan ba su mutu ba har gobe, don haka ba sai na tsaya a kansu ba.

Jaridar Hausa ta sosai ta zo ne a Janairun 1939, watanni kaɗan bayan naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana buga ta a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Cikin dalilan kafa ta har da kashe wata jita-jita da ta cika ƙasa, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamusawan Hitler. Sunanta ma kansa amsa ce ga mai shakka. Da fari wata-wata take fitowa, ga shi kuma jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, iyakarsa Ƙaurar Namoda, sai a sauke kaya a Gusau mota ta ƙarasa da su. Kafin ta iso labarin ya kwana biyu. Duk da haka mahaifina ya ce mini kwabo ɗaya yakan ciyar da zaure guda, wani ɗan boko ya karanta da ƙarfi, dattawa suna tsayar da shi suna gardama. Sun san sarai ta gwamnati ce. Abin da ya sa suka ba ta kunne shi ne Imam, domin an san shi, an san mahaifinsa malami ne, kuma yana buga wasiƙun masu karatu da sunayensu da garuruwansu, har da masu kuka da ma'aikatan En'e. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridun larduna, namu na Lardin Sakkwato shi ne Zaruma, amma bai yi tsawon rai ba.

Rediyo ce ta sauya komai, don ba ta buƙatar ɗan boko kuma ba ta jiran mota. BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957, da minti goma sha biyar kacal, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Masko da Sin su ma suka shigo, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Mu nan kuma muna da ƙarin da Kano da Zariya ba su damu da shi ba, wato rediyon Yamai, tunda Birnin Ƙonni ta fi mana Gusau kusa. Amma kada a ce da rediyo ta zo an yi watsi da tsohon ma'auni. Ina ɗan shekara bakwai a Janairun 1966, cikin azumi, aka ji Manjo Nzeogwu a rediyon Kaduna, aka ce an kashe Sardauna. Mahaifina ya ƙi yarda, ya hana mata kuka, ya sa rigarsa ya nufi Kanwuri. Sai da ya dawo ya zauna bakin zaure bai ce wa kowa komai ba, sa'an nan gidanmu ya san gaskiya ne.

Zuwa lokacin da muke makaranta kowace tasha ta sami matsayinta a zuciyar mutane, kamar yadda masu ruwaya ke da daraja-daraja. Kaduna tamu ce, ita ke da Jakar Magori da Zaɓi Sonka, ita ke faɗin rasuwa da naɗi da farashin auduga, ana yarda da ita a kan komai sai fa abin da ya shafi gwamnatin da ke kan gado. Nan sai a jira London, shirin ƙarfe uku saura kwata, lokacin da za ka ga an yi da'ira a teburin mai shayi da rumfar tela ba mai tari. Dattijon unguwarmu yakan ce in London ta faɗa Jamus ta maimaita, to ya zama mutawatiri. Na taɓa kai wa Malamin Tarihi wannan magana ina jin na zo da abin kirki, sai ya yi dariya ya ce in duka biyun daga kamfanin dillancin labarai guda suka sayo shi fa? Shaidu biyu da suka ji daga baki ɗaya ai shaida ɗaya ne. London ɗin ma ba kullum take tsira ba. Bayan kisan Murtala, da aka ji Dimka ya je ofishin jakadan Ingila a safiyar juyin, har aka nemi jakadan ya bar ƙasar, mutane da yawa sun yi fushi da ita na ɗan lokaci, suka tuna cewa ita ma tana da ubangida. Abin da ya riƙe mata masu saurare, a nawa ganin, shi ne wakilanta 'yan ƙasa, waɗanda ake sanin muryarsu da gidan da suka fito, in sun yi ƙarya akwai inda za a same su.

Babu ranar da ta gwada wannan gari kamar farkon Nuwamban 1988. Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu ran 1 ga wata bayan shekara hamsin a kan gado, yawancinmu ba mu taɓa sanin wani Sarkin Musulmi ba sai shi. Aka sanar cewa ɗansa Muhammadu Macciɗo ne ya gaje shi, jama'a suka yi tururuwa zuwa gaisuwa. Kafin a gama murna sai ga wata sanarwa daga gwamnatin soja cewa Alhaji Ibrahim Dasuƙi ne. Gari ya kama da wuta, aka yi kwanaki ana tarzoma, aka sa dokar hana fita, mutum aƙalla goma suka rasa rayukansu. Ba na son tayar da tsohon miki, dukansu biyu jinin Shehu ne, dukansu sun yi sarautar, dukansu sun koma ga Ubangijinsu, Allah ya jiƙansu. Abin da ya shafi zancenmu shi ne akwatin da ya faɗi na farko shi ne ya faɗi na biyu. Mai karanta sanarwa bai ƙaga komai ba, takardar da aka miƙa masa ya karanta. Daga ranar na lura tambayar ta ƙara tsawo. In ka ce rediyo ta faɗa, sai a ce maka ita kuma wa ya ba ta. Shi ya sa a Afrilun 1996, da gwamnatin Abacha ta sauke Dasuƙi ta naɗa Macciɗo, na ga dattawa da yawa sun kame bakinsu, ba murna ba jaje, sai da suka ga an kwana an tashi maganar ba ta sauya ba.

Wayar hannu ta shigo a 2001. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006, kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Salla, jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Macciɗo ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja. Wannan karon babu wanda ya jira ƙarfe uku saura kwata, wayoyi ne suka yi ta ƙara a aljihu, masu 'yan'uwa a filin jirgi suna kira suna kuka. Muka ce madalla da wannan abu, ga mai gani da ido yana magana da kai kai tsaye.

To amma bari in tona wa kaina asiri. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wajen ƙarfe uku na dare ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, ku tashi ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin asuba, shi ne maganin ciwon nan." Ƙanwar nan tawa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba tun muna yara. Ni da na zauna ajin Malamin Tarihi, na tashe iyalina aka ɗora tukunya. Sai da gari ya waye na tambaye ta wa ya faɗa mata, ta ce ɗiyarta ce daga Kaduna, ita kuma saƙo ne aka turo mata. Ashe An-ce ne ya sake dawowa, ya ari bakin ƙanwata. A wasu jihohi waɗanda suka sha ruwan gishirin sun kwanta asibiti, har an rasa rayuka. Nan ne tsohon ma'auninmu ya sami tangarɗa. Dā mai kawo maka labari yakan san inda ya samo shi, ko da mutum biyu ne ko uku a tsakani. Yanzu amintaccenka ne ke miƙo maka, da sunansa da hotonsa a sama, alhali shi kansa yatsa kawai ya danna. Inda na ga tsarin dā yana nan daram shi ne ganin wata. Har yau sai wanda ya gani ya je ya shaida wa hakiminsa, a tantance shi, a kai fada, kana Sarkin Musulmi ya sanar, ƙasa duka tana jiran Sakkwato ko da hotunan jinjirin wata sun cika Facebook tun magariba.

A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. Cikin makonnin nan ne wani ya sa a zaurenmu na WhatsApp cewa an tare hanya an kashe wani ɗan ajinmu da ke zaune a can gabas. Kafin azahar an jera ta'aziyya ta fi arba'in, har an fara maganar karo-karo don iyalinsa. Wayarsa ba ta shiga, ta kowa ma a can ba ta shiga. Na tambayi wanda ya sa labarin, ya ce a wani zaure ya gani. Sai na ɗauki hulata na nufi tasha, abin da rabona da yi don neman labari ya fi shekara ashirin. Direban farko da na samu ya ce, "Wallahi Baba na ji an tare hanya, amma ban ga gawa ba, kada in hwaɗa maka abin da ban gani ba. Jira wancan, jiya yat taso daga can." Na biyun ya san mutuminmu, ya ce shekaranjiya ya gan shi da idonsa a bakin masallaci. Na yagi takarda na rubuta layi uku na ba shi, na haɗa masa da na goro.

Bayan kwana huɗu ya kira ni na je na karɓi amsa. Tun kafin in karanta na gane rubutun, wannan karkataccen hannun da Malamin Turanci ya yi shekara biyar yana faɗa a kansa bai miƙe ba. Ya ce yana nan da ransa, hanya ce dai ba ta biyuwa sai da rakiya, a ci gaba da yi musu addu'a. A ƙasa kuma ya ƙara cewa in gaya wa Ma'aji yana sane da kuɗin ƙungiya na shekara biyu da ake bin sa, a cire daga abin da aka tara na ta'aziyyarsa.